Tsarin Kaka da Tsarin Iya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda aka zaunar a kujera mafi laushi. Mai girma manajan kamfani da mataimakansa. Malaman jami'a da suka koya wa 'ya'yanmu abin da mu iyayensu ba mu iya ba. Injiniyoyi maza da mata, masu gilashi da marasa gilashi. 'Yan jarida masu haska mana fitila a ido. Direbobi da masu gadi da masu shara da suka gyara wannan zaure tun kafin mu iso. Iyaye da kakanni, 'yan'uwa da abokan arziki. Sai kuma maƙwabciyata a layin gaba, kakar jikata ta wajen uba, wadda yara ke kira Iya, da ta sha sabon ɗinki kamar ita aka ce ta yi jawabi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya kawo mu wannan rana lafiya. Ina godiya ga kamfani da ya ga ya dace, a ranar da yake ƙaddamar da sababbin na'urorinsa, a kira wani daga cikin iyalan ma'aikata ya ce wani abu. Ina kuma godiya ga wanda ya zaɓe ni, ko da yake na san kafin in sauka daga nan zai yi da-na-sani. An ce mini in taƙaita. Mai gabatarwa, ɗana, daina duba agogon nan. Ni da agogo mun daɗe ba ma shiri.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce kakar Injiniyar da ta shugabanci wannan aiki, kakarta ta wajen uwa. Ku kuna ce mata Injiniya, ni kuwa 'Yar Tsito nake ce mata, domin ranar da aka miƙo mini ita a asibiti, tafin hannuna biyu sun ishe ta gado. Ni na goya ta, ni na yi jinyar haƙoranta, ni na raka ta makaranta ranar farko, tana kuka ina kuka, malama tana rarrashin mu biyu. Karatuna bai yi nisa ba. Ina karanta sunan magani, ina rubuta lambar waya, ina kuma ganewa idan ana yi da ni da Turanci.

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a: kishi ne ya hau da ni wannan dandamali. Wasu sun zo taya murna, wasu sun zo ɗaukar hoto, wasu sun zo don lemon da aka jera a bayan zaure. Ni na zo ne in san abu ɗaya kafin in koma gida: shin har yanzu ina da ƙofa a wurin yarinyar nan, ko kuwa an cire ni kamar yadda aka cire tsofaffin akwatunan da na gani an jingine a bakin matakala? Ku ba ni hankalinku, zan bi maganar daki-daki.

Magana ta farko, ku san ko ni wace ce a harkar nan, domin na riga ku shiga cikinta. Tun kafin a haifi yawancinku, marigayi maigidana ya saka mana tarho a falo, baƙi, mai murɗaɗɗiyar igiya, a kan ɗan tebur kusa da taga. A duk layinmu babu wani sai shi. Mai neman ɗansa da ke karatu a nesa, falona zai zo. Mai jiran labarin matarsa da ke asibiti, falona zai zauna. Mai son ya yi wa ɗan'uwansa faɗa, falona zai tsaya ya yi, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa, ba na jin komai. Labarin haihuwa ta kunnena yake shiga, labarin rasuwa ta bakina yake fita. Nakan san yaro ya ci jarrabawa kafin uwarsa ta sani, in kuma zaɓi fuskar da zan kai mata labarin da ita.

Da wayar hannu ta zo, maƙwabta suka watse, kujerun falo suka huta. Amma 'ya'yana da jikokina ba su canja ba, domin ban bari sun canja ba. Wanda ke son magana da yayansa, ni yake kira, ni in kira yayan, in sauraro amsa, in tace ta, in rage mata gishiri ko in ƙara, sannan in mayar. Ba don ina son jin sirrin kowa ba. Iya, na ga kin sunkuyar da kai kina murmushi; ɗago, ban zo kanki ba tukuna. Don zaman lafiya nake yi, kuma gidanmu ya zauna lafiya.

Magana ta biyu, yadda aka ɗaga ni sama aka sake ni. Wata safiya 'Yar Tsito ta fita a gaggauce ta manta gilashinta a kan teburin cin abinci, kusa da kofin shayin da ba ta shanye ba. Na san ba ta ganin ko hancinta ba tare da shi ba, sai na shiga tasi na kawo mata nan. Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, dogayen akwatuna a jere suna gurnani, ƙananan fitilu kore suna ƙifta ido, wayoyi rawaya a ɗaure dami-dami kamar an yi musu kitso. Sai ga wani injiniya mai gemu, ga shi can a layi na uku yana ɓoye fuska da takardar shiri, ya tambaye ni wa nake nema. Da na faɗa masa, sai ya dafe ƙirji ya ce:

"Kai! Ke ce Kakar? Jama'a, ku fito, ga Tsarin Kaka da kanta ta zo!"

Suka fito daga kowane lungu, suna gaishe ni, suna ɗaukar hoto da ni. Na ce, "Ɗana, mene ne Tsarin Kaka?" Ya ce, "Sunan wani tsari ne na cikin na'ura, Kaka. Injiniya ce ta raɗa masa. Kullum sai mun ambace ki a taro." 'Yar Tsito kuwa tana ta tari, tana jan mayafina zuwa ƙofa, wai direban tasi yana jira. Na ɗauka kunya ce irin ta yaran kirki.

Jama'a, ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na gaya wa mai kanti. Na gaya wa mai ɗinki. Na gaya wa likitan idona yana tsakiyar haska mini fitila. Na tsayar da mai kawo ruwa a bakin ƙofa na gaya masa, bai tambaye ni ba. Sannan na zauna, na gyara ɗaurin ɗankwali kamar za ta gan ni, na kira Iya na ce, "Iya, kin ji an sa wa inji sunana?" Ta yi shiru, irin shirun nan nata da ke sa mutum ya duba ko katinsa ya ƙare, sannan ta ce, "Madalla. Allah ya sanya albarka." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ashe ta sani! Ashe matar nan ta sani, ta bar ni ina yawo da tuta a unguwa!

Bayan wasu makonni motar 'Yar Tsito ta lalace, mai gemun nan ya rage mata hanya zuwa gida. Na fito na tarbe shi, na ba shi kujera mai kyau, na ce, "Ɗana, yaya tsarina? Yana aiki?" Shi kuwa, Allah ya yi shi ba ya iya riƙe magana, ya ce:

"Ai Kaka, tun a zaman farko aka jefar da shi. Tsarin Iya muka ɗauka."

Na karɓe kofin ruwan da na miƙa masa. Bai sha ba, kuma ban yi nadama ba.

Magana ta uku, bayanin da aka yi mini, domin ban yarda a kore ni daga aiki ba tare da an gaya mini laifina ba. Na zaunar da 'Yar Tsito a teburin cin abinci na ce, "Yau sai kin fahimtar da ni." Ta kwaso kofuna da cokula da zaren ɗinkina ta baza. Malaman jami'a, ku saurara, in na yi kuskure ku yi haƙuri. In ta yi kuskure, ku kuka koya mata.

Ta ce, "Kaka, duk hoto ko murya da kika aika ta waya, yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da adireshinta a goshi. A kan hanya akwai akwatuna, rauta ake ce musu, kowanne da ƙofofi masu yawa. Gunduwa ta shigo ta wannan ƙofa, akwatin ya duba adireshi, ya fitar da ita ta waccan. Abin da muka zauna zaɓa shi ne yadda za a shimfiɗa hanyoyin da ke cikin akwatin, tsakanin ƙofofin shiga da na fita, ta yadda in gari ya girma, masu waya suka ninka, ba sai an fasa akwatin an sake sabo ba."

Sai ta ajiye ludayi ɗaya a tsakiya, ta jera kofuna dama da hagu. Ta ce, "Wannan hanya ɗaya ce tal, kowace ƙofa sai ta jira ta. Idan ƙofofin kaɗan ne, babu abin da ya fi shi sauƙi, babu abin da ya fi shi araha. Amma duk ƙofar da aka ƙara, rabon kowa raguwa yake yi. In kuma ludayin ya karye, komai ya tsaya." Na dubi ludayin, ludayin ya dube ni. Na ce, "Wannan ne ni?" Ta ce, "Kaka, suna ne kawai, don mu riƙa ganewa." Na ce, "Ci gaba, ina jin ki."

Ta ɗauke ludayin ta ajiye babban kwano. Wai wannan ɗakin ajiya ne a tsakiya: kowa ya zuba saƙonsa a ciki, mai shi ya zo ya ɗauka. Yana da kyau, in ji ta, sai dai dole ɗakin ya yi saurin dukkan ƙofofin a haɗe, kuma akwai inda sauri yake ƙarewa. Na ce, "Shi kuma sunan wa kuka sa masa?" Ta ce babu. Na ce, "Ashe akwai wanda ya tsira da mutuncinsa."

Daga nan ta shimfiɗa cokula, wasu a tsaye wasu a kwance, suna gitta juna kamar ragar taga. Ta ce a nan kowace ƙofar shiga tana da mahaɗa da kowace ƙofar fita, mutane da yawa za su wuce a lokaci guda ba mai taka wani. Na ce to ai shi ke nan, ku ɗauka mana. Ta ce in an ninka ƙofofi sau biyu, mahaɗan ninki huɗu suke yi, kafin a ankara cokulan gari sun ƙare. Ta ce kuma akwai matsalar layi: na gaba yana jiran ƙofar da ke cike, na bayansa ƙofarsa a buɗe take amma ba shi da hanyar wucewa. Nan na tuna wani tela da ya addabe ni zamanin baƙin tarho. Zai zo ya riƙe kan waya yana ta juya lambar ƙanensa, ƙanen yana kan wani layi, shi kuma ba zai matsa ba, mata na zaune a bayansa da jarirai suna kuka. Na ce, "To yaya kuke yi da irin telan nan?" Ta ce ana yi wa kowace ƙofar fita layinta daban, sannan a sa wani ɗan abu a tsakiya yana cewa kai shiga, kai jira. Na buga tebur na ce, "Kun gani! Ko a nan sai da kuka nemi mai zama a tsakiya. Wannan ai aikina ne tun kafin a haifi uwarki." Ta ce, "Haka ne, Kaka, amma shi ba ya tsayar da saƙo ya tambaye shi lafiyar yara."

Ku yi dariyarku. Ita ma ta yi.

Sai ta kawo na ƙarshe. Ta jera ƙananan kofunan shayi sahu uku, ta ɗaure su da zarena: kowane kofi na sahun farko yana da zare zuwa kowane kofi na tsakiya, na tsakiya kuma zuwa na ƙarshe. Babu babba a cikinsu. Saƙo ya shigo, hanyoyi da yawa ne a gabansa. In wannan ta cika ya bi waccan. In kofi ɗaya na tsakiya ya fashe, sauran su raba kayansa. In gari ya girma, a ƙaro kofuna a ƙaro zare. Ta ce, "Haka gidan Iya yake. Ba ta riƙe labari a hannunta. Kowane babba a cikin 'ya'yanta yana kula da na ƙasa da shi, manyan kuma suna magana da juna kai tsaye. In Baffa ya yi tafiya, magana ta bi ta wajen Gwaggo. Ita Iya tana zaune tana shan iska." Na ce, "Wato lalaci ne ya zama ilimi."

Magana ta huɗu, kare kaina, domin a gaban shugaba nake, kuma ba a yanke wa mutum hukunci bai buɗe baki ba. Mai girma shugaba, a tsarina labari bai taɓa isa a hargitse ba. Abin da ya fara faruwa shi nake fara faɗa. A tsarin Iya fa? Shekarar da Baffan yarinyar nan ya faɗi a kan babur, labarin ya rabu ya bi hanyoyi daban-daban. Matarsa ta fara jin "an sallame shi", ta ce daga aiki? Ta zauna tana kuka ta rasa yadda za su ciyar da yara. Can sai ga wani ya kira ya ce "ƙafar ce kawai", ta ce ƙafar wa? Sai daga ƙarshe aka gaya mata ya faɗi. Ƙarya nake yi, Iya? Kun gani, ta kau da kai. Na kawo wa 'Yar Tsito wannan hujja, ta sosa ƙeya ta ce gaskiya ne, a tsarin da suka ɗauka gunduwar baya takan riga ta gaba isa, shi ya sa suke liƙa wa kowace lamba, a bakin ƙofar fita a sake jera su. Na ce, "Wato sai kun yi wahala kafin ku kai inda nake a zaune."

Ita ma ta kawo tata hujjar, kuma tunda na yi alkawarin gaskiya zan faɗa. Ta tuna mini lokacin da aka yi mini aikin ido, aka karɓe wayata aka ce in huta. Ƙanwata ta taso daga nesa don ta duba ni, ta sauka a tasha, ta zauna a kan jakarta har rana ta juya, domin ni kaɗai na san tana tafe, ni kaɗai ke da lambarta, ni kuma ina kwance da auduga a fuska. Na ce wannan laifin likita ne. Ta ce, "Kaka, ludayin ne ya karye." Na ce ta kwashe mini kofuna ta wanke.

Magana ta biyar, ita ce ta hana ni sukuni, kuma a nan ina roƙon ku daina dariya kaɗan. Ba sunan inji ne ya dame ni ba. Inji ƙarfe ne. Yau an yi masa taro, gobe a jingine shi a bakin matakala. Abin da ya dame ni shi ne ranar da aka ɗaga yarinyar nan aka ba ta shugabancin wannan aiki. Labari mafi daɗi da ya taɓa shiga gidanmu, labarin da na yi shekaru ina jira in kai wa mutane da bakina, ta bakin Iya na ji shi. Iya ta ji daga Gwaggo, Gwaggo ta ji daga Baffa, Baffa ya gani a zauren hirarsu na waya. Ni da na goya ta, ni da na san kukanta na yunwa da kukanta na rigima, ni ce ta ƙarshe. Iya ta kira ni ta ce, "Ina taya ki murna," na ce, "Ta me?" Jama'a, ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Da na tuhumi 'Yar Tsito, sai ta buɗe wayarta ta nuna mini. Ni ta fara kira. Ta kira, ta sake kira, ta sake kira, layina a cike. Ina can ina sasanta 'ya'yana biyu a kan wanda zai ari motar wani, na kira wannan na kira wancan, ita kuma tana tsaye a bayan layi da albishir a hannu, ƙofarta a buɗe amma babu hanyar wucewa. Ta gaji ta tura a zauren hirar su Baffanta. Wato ni ce telan. Ni ce ludayin, ni ce kuma telan.

Na ce mata, "To shi ke nan, an gama da ni. Ki je wajen masu zare da yawa." Sai ta matso ta riƙe hannuna ta ce, "Kaka, akwai abin da ban nuna miki da cokali ba. A kowane tsari, komai cunkoso, akwai saƙon da ba ya bin layi. Alama ake yi masa. Da ya iso, kowa ya matsa masa. Wayata ma haka na yi mata. Ko na sa ta a shiru, ko ina gaban manaja, kiranki zai yi ƙara."

Na ce na ji. Amma ni tsohuwa ce, an taɓa yi mini daɗin baki a ɗakin nan mai sanyi, na kwashi kunya har wajen mai kawo ruwa. Ban gwada a gida ba, domin a gida tana iya yi mini dabara. Na bari sai yau. Ɗazu mai gabatarwa ya ce kowa ya sa wayarsa a shiru, na kuma zuba wa 'Yar Tsito ido na ga ta danna tata ta jefa a jaka. Injiniyoyi, ku kuka ce ba a karɓar na'ura sai an gwada ta a gaban shaidu. To ga shaidu cike da zaure, ga wayata a hannuna. 'Yar Tsito, ɗora hannuwanki a kan tebur inda kowa zai gan su. Mai girma shugaba, a gafarce ni. In ba ta yi ƙara ba, zan sauka in koma kujerata, a ba Iya abin magana ta ƙarasa.

Bari in nemo lambar. Ku yi haƙuri, idon da aka gyara ne ke yi mini gardama. Yauwa. Na danna. Ku yi shiru.

Kun ji? Kun ji ta? Na baya, kun ji? Daga jakarta take fitowa! Bar ta ta yi, kada ki kashe, 'yar nan, bar ta ta yi manaja ya ji da kyau! Alhamdu lillahi. Mai gemu, rubuta wannan a taronku na gaba.

To, saura abu ɗaya, domin gwaji ba ya cika da ɓangare guda. Iya, 'yar'uwa, fito da taki. Kada ki ce ba ki zo da ita ba, na ga kina ɗaukar hoton takalmin manaja da ita. Kira ta mu ji. Kira mana, ai wasa ne. Jama'a, ku sake yin shiru, ku tausaya mata in ba ta shiga ba.

Au.

Ita ma ta shiga.

'Yar Tsito, dube ni. Hanya biyu kika yi? Ɗaga murya, ban ji ki ba. Wai tana cewa, jama'a, ba a gina abin da ake ji da shi a kan hanya ɗaya. In ɗaya ta yanke, ɗaya ta riƙe.

To. Shekaruna sun kai in gane wannan ba sai an jera mini kofuna ba. Ni da Iya mun ga jiya, mun ga yau, gobe kuwa ba a hannunmu take ba, kuma dole wata a cikinmu ta riga wata ajiye waya. Iya, kishina yana nan, ban sauke shi ba, kuma ɗinkin nan naki bai kai nawa ba. Amma ranar da yarinyar nan ta kira layina ta ji shiru, ki ɗauki naki da wuri, kada ki tsaya shan iska. In kuma ke kika riga ni, na yi miki alkawari zan rage hira, in bar mata layi a buɗe. 'Yan jarida kuwa, ku rubuta abin da kuka gani da idonku, ba ragi ba ƙari: kira biyu sun shiga, amma nawa ne ya fara ƙara.

Ina roƙon Allah ya albarkaci wannan aiki da hannuwan da suka yi shi. Allah ya sa waɗannan akwatuna su ɗauki labarin alheri fiye da na baƙin ciki, su sada uwa da ɗanta, su sada mara lafiya da likitansa, su sada mai nema da abin da yake nema. Allah ya ƙara wa shugabanni adalci, ya ƙara wa malamai haƙuri, ya ƙara wa injiniyoyi basira, ya kuma koya wa mai gemu riƙe baki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, har da wanda ya saka mini baƙin tarho a gefen taga. Allah ya raya mana 'ya'yanmu da jikokinmu, ya sa kada mu kira su mu ji ƙofa a rufe, kada su kira mu su ji layi a cike. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai gabatarwa, yanzu kana iya duba agogonka. Na gode.